Amfilifaya ta Takwas a Gidanmu

Tun yaron nan yana ciki nake tsoron kunnensa. Mata suna roƙon Allah ya ba ɗansu dogon hanci ko gashi mai laushi, ni kunne kawai na sa a gaba. Ƙanin mahaifiyata kurma ne. A ƙauyenmu na tashi ina ganin yara suna laɓaɓawa ta bayansa su yi masa gwalo, manya kuma su yanke maganar gonarsa a gabansa kamar ba ya wurin. Ni ma na yi gwalon nan, ba sau ɗaya ba. Da na samu ciki sai abin ya dawo mini sabo fil, na ce shi ke nan, alhakin kawu ya hau mota ya biyo ni Kaduna.

Aka haifi yaro lafiya, sai dai shawara ta kama shi, ya yi kwanaki a ƙarƙashin fitilar asibiti kamar ɗan tsako. Muka dawo ɗakinmu a unguwar Television, gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna. Bangonmu ɗaya da wani mai kiɗan jita.

Mai jita saurayi ne siriri, da kyar in na girme shi da shekara guda, amma Anti yake ce mini saboda goyo. Kiɗan da yake yi wai sunansa rok. Na tambaye shi ma'anarsa, ya ce dutse. Na ce wanda ya raɗa sunan ya san aikinsa, don a tsakiyar ka yake sauka. An ce da a cocinsu yake kiɗa, sai wata Lahadi ana cikin waƙar baiko ya taka wani abu, jitar ta yi kukan akuyar da ƙofa ta datse, wata dattijuwa ta miƙe ta fara tsawata wa aljanu. Daga ranar aka mayar da shi jera kujeru.

Amfilifaya bakwai gare shi a ɗaki ɗaya, wato akwatunan da ake jona wa jita su ƙara mata murya. Ta ƙofa na ƙirga su ina shanya. Akwai wata baƙa mai tsayin firij, ita ce uwar ɗaki. Akwai tsohuwa mai kwalabe a ciki, da ya ce ta girmi ubansa. In an kunna ta ba ta magana sai ta yi ɗumi, ta yi ta gyaran murya kamar dattijon coci da aka ba sanarwa. Akwai 'yar ƙarama mai batir da ba ta fi kwanon sha ba. Biyu matattu ne, amma bai yarda sun mutu ba, wai suna jiran kayan gyara daga Legas, kuma har yau suna jira. Ragowar ban ga bambancinsu ba, shi dai ya ce kowace da muryarta. A ƙasa kuma ga wasu ƙananan akwatuna masu launi da yake takawa kamar tela a kan keke, ga wayoyi sun cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana. Katifarsa a jingine take da bango wai don ta tare ƙara, shi yana kwana a tabarma. Zanin gadonsa amfilifaya yake rufa wa. Ranar da rufin ɗakin ya yi yoyo, na ga lema a buɗe a kan tsohuwar nan, shi kuwa ruwa yana ɗiga masa a ƙeya.

Da yamma in an kawo wuta, ba sai ka duba ƙwan fitila ba, kwanukanka za su gaya maka. Nawa suna rawa a kan kanta, kaji su watse, jariran gidan su ɗauki kuka a tare kamar sun haɗa baki. Nawa kuwa barcinsa yake sha. Mata suka yi ta yaba mini, wai Allah ya ba ni ɗa mai haƙuri. Kowane yabo sai in ji shi kamar an tsikara mini allura. In ba kowa sai in je ta bayansa in saki murfin tukunya a ƙasa. Wani lokaci ya juyo, wani lokaci ko gezau. Murafena duk suka lotse.

Da ya kai wata bakwai na kasa haɗiye abin, na fara faɗa. Nan na gane Hausa ba ta tare da ni. Na ce wa matan gidan a bakin famfo, ni fa ina ganin yaron nan ba ya ji. Suka kwashe da dariya, wai tun yanzu? Bari ya fara tafiya ki ga rashin ji. Na gaya wa surukata da ta zo daga Kamazou, ta ce gado ne, ubansa ma kunnen ƙashi gare shi, har ya yi gemu ba ya ji. Na ce Mama, ba wannan jin nake nufi ba. Ta ce duk ɗaya ne, in ya girma a zane shi.

Mijina ne kawai ya gane jin da nake nufi, shi ya sa ya fi kowa fushi. Bakanike ne a Kakuri, mutumin da mota za ta wuce a titi ya gaya maka abin da ke damunta daga ƙararta. A ce ɗansa ba ya ji? Ya ce bakina ya sari ɗanyen kashi, in daina ja wa yaro abin da ba shi da shi. Ya tafa hannu a gaban fuskar yaron, yaro ya ƙifta ido, ya ce to kin gani. Na ce ai ko ni aka tafa wa a hanci zan ƙifta. Kwana biyu ba mu yi wata doguwar magana ba.

Ana cikin haka 'yan haya suka kai ƙarar mai jita. Wadda ta ja gaba ita ce Madam mai shago, 'yar kudu ce mai sayar da kayan masarufi a ƙofar gida, 'yarta sa'ar yarona ce. Wata Asabar bayan shara Baba mai gida ya tara mu a tsakar gida, ya ce ko dai akwatunan nan su yi shiru, ko su nemi wani gida tare da mai su kafin wata ya ƙare. Kowa ya faɗi abin da kiɗan ya yi masa. Da aka zo kaina, ni da ke jikin bangonsa, aka gyara zama ana jiran in ƙarasa shi. Na ce ni dai bai taɓa tayar mini da yaro ba. Gaskiya na faɗa, amma da na ji ta a bakina sai hawaye ya zo, na tashi na shige ɗaki. Suka ɗauka tsabar wahalar kiɗan ce.

Da la'asar na saɓa yaron na ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ya buɗe yana ba da haƙuri tun ban ce komai ba.

Na ce, "Ba rage ƙara na zo ka yi ba, ƙanena. So nake ka ƙara."

Ya tsaya yana kallona. Na ce masa yaron nan ba ya ji, na kuma jira dariyar.

Ya ce, "Wane jin, Anti? Na kunne?"

Shi ne mutum na farko da ya yi mini wannan tambaya. Na ba shi labarin kawu da murafen tukunya. Ya share saman uwar ɗakin nan, na zaunar da yaron a kai ina riƙe da shi, ya rage murya sosai, ya ja tsirkiya mafi kauri. Yaro ya zaro ido, ya bushe da dariya har da dukan akwatin. Na fara Yesu na gode, Yesu na gode.

Ya ce, "Anti, kar ki yi saurin godiya. Sa hannunki nan."

Na ɗora tafina, ya sake ja. Abin ya bi hannuna har haƙora.

"Wannan ko kawunki zai ji shi. Da ɗuwawu ya ji, ba da kunne ba."

Tun ina ƙarama nake jin ana cewa jiki ya fi kunne ji, amma kullum sai an ɗauko bulala ake faɗa. Ranar na ga ma'anarsa ba tare da bulala ba.

Ya ce mu fita waje a yi abin yadda ya kamata. Ya ɗauko 'yar ƙaramar mai batir, ya ɗora ta a kan matashin kai don kada ƙasa ta kai wa yaro tsegumi. Na zauna a kujera 'yar tsugune da yaron a cinya, na ba shi cokali yana wasa. Mai jita ya koma bayanmu inda ko inuwarsa ba za a gani ba. Abin murɗa muryar yana da lamba daga ɗaya zuwa goma. Zai ja tsirkiya a ɗaya, ya jira, ya ƙara zuwa biyu, har sai yaro ya juyo. A yi ta dama, a koma ta hagu.

Da aka ja tsirkiya mai kaurin ta dama, yaro ya juyo a huɗu. Ta hagu sai a shida. Da aka zo siririyar tsirkiya, mai kukan sauro, aka kai shida yaro yana ta cin cokalinsa. Na ce ya ƙara. Ya ce a'a, ba zai wuce nan a kan jariri ba, in akwai sauran ji a ciki kada shi ya ƙarasa shi. Mutumin da ya hana unguwa sakat, yau shi ke tsoron ƙara.

Madam mai shago tana tsaye tana kallonmu tun ɗazu, hannu a ƙugu. Ban san lokacin da ta gane ba. Ta shiga ta ɗauko 'yarta, ta ce in matsa, ta zauna a kujerar. Aka ja siririyar a ɗaya. Yarinya ta waiwaya kamar an kira ta cin abinci. Madam ta miƙa mini gefen zaninta na share fuska, zanin yana warin kananzir.

Mai jita ya rubuta lambobin a bayan wani katin biki, dama da hagu, kauri da siriri, har da na 'yar Madam a gefe. Da mijina ya dawo na ajiye masa katin kusa da tuwo. Maganar bakina ce bai yarda da ita ba, amma lamba ba ta da kawu kurma. Ya daɗe yana dubawa, tuwo ya huce. Ranar Litinin da safe bai sa kayan aiki ba, ya ce in shirya yaro.

A asibiti ma sai da Hausa ta sake yi mini. Na ce wa mai ba da kati yaro ne ba ya ji, ta ce in bar mata shi kwana biyu zai ji. Na daina bayani, na riƙe katin biki har gaban likita. Ya juya shi, ya ga hoton ango da amarya, ya sake juyawa. Ya tambayi wanda ya yi wannan awo, na ce makaɗi ne. Ya ce ba haka ake yi ba, amma makaɗin bai yi ƙarya ba. Suka tura mu wani wuri, aka manna wa yaro wayoyi a ka yana barci. Sakamako ya fito: yana ji, amma kaɗan, manyan muryoyi suna shiga, sirara suna wuce shi. Likita ya ce da mun bari sai ya ƙi magana tukuna, da aikin ya fi haka wuya.

Yadda aka samu na'urar ƙara ji da likita ya ce a sa masa a kunne dogon zance ne, da hannun matan zumuntar cocinmu a ciki, da 'yan garejin mijina. Kada ka zaci mai jita ya sayar da amfilifaya ɗaya ya taimaka. Ƙodarsa za ta fi masa sauƙin sayarwa. Amma ranar da muka dawo da ita ya roƙa in nuna masa. Sai da ya wanke hannu, abin da ban taɓa gani ya yi wa abinci ba. Ya ɗora ta a tafinsa, abu kamar ƙwayar wake, ya yi ta juyawa.

"Anti, kin san mece ce wannan? Ga makirfo, ga batir, ga lasifika. Amfilifaya ce." Ya yi ajiyar zuciya. "Ta takwas a gidan nan, kuma ta fi nawa duka."

Na karɓe abata da sauri, don na ga irin kallon da yake mata.

Ba a kore shi ba. Madam da kanta ta je wurin Baba mai gida, aka yanka masa lokaci, daga huɗu zuwa shida. Shi ke auna mini batir in na yi shakka, kuma ya ba ni 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da yake sa wa a jakar jitarsa, in riƙa ajiye na'urar a cikinsu da damina. Ranar farko da ya kunna uwar ɗaki yaro yana sanye da abinsa, yaron ya tsala ihu ya ƙanƙame ni. Na yi dariya, na yi kuka, sannan na ɗauki muciya na daki bango. Yanzu duk gidan ba wanda ya kai ni kai ƙararsa.

Yaron ya shiga shekara uku. Yana cewa Mama, yana cewa Baba, mai jita kuma Bum yake ce masa. Shinkafa har yanzu inkafa ce, muna kai. In na hana shi wasa da ruwan famfo, sai ya kalle ni ido cikin ido, ya sa hannu ya cire na'urar, ya ci gaba da abinsa. Surukata ta ce ai ta faɗa, gado ne.

Abin da nake roƙonka, kai mai karatu, ba shi da yawa. In wata uwa ta ce maka ɗanta ba ya ji, riƙe dariyarka tukuna, ka tambaye ta wane jin take nufi. In ta ce na kunne, ka raka ta asibiti.