Ranar da Na Mayar wa Kowa Kajinsa

Malam ya yi ritaya a farkon damina, kuma bai cika sati biyu a gida ba ya shigo da kaji uku a hannu, an ɗaure musu ƙafafu da tsumma. Malam mijina ne. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana aiki a sakatariya, kullum ya fita da sassafe sai bayan la'asar. Ina tsakar gida ina tankaɗe ya ajiye su a gabana.

Na ce, "Na miya ne?"

Ya ce, "Na kiwo ne. Mata biyu, zakara ɗaya. Kya dinga samun ƙwai."

Gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ba babba ba ne. Ɗakuna uku da falo, tsakar gida mai siminti, sai wani ɗan fili ta baya wanda bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. A wannan filin nake da zogalena da yakuwa da 'yar bishiyar lemon tsami. Na ce masa wurin ba zai ɗauki kaji ba. Ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya, uku ne fa."

Ƙwan da aka yi mini alkawari ban taɓa soya ko ɗaya ba. Da kazar farko ta tara goma sha ɗaya na ɗauki kwano zan kwashe, ya tare ni a hanya ya ce in bar mata, kwanci za ta yi. Ta ƙyanƙyashe tara. Ta biyun ta fito da bakwai. Shirwa ta ɗauke guda biyu, Malam ya wuni ba walwala kamar an yi masa rasuwa, washegari ya kirawo kafinta aka kafa akurki da ragar waya a daidai inda yakuwata take. Ko shawara bai yi da ni ba. Na dawo daga unguwa na tarar an tuge ta an jefar a bakin kwata.

Da a nan abin ya tsaya da na haƙura. Amma labari ya bazu a dangi cewa Malam yana da hannun kiwo. Yayarsa da ke Daurawa, wadda ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, aka kawo mata tsarabar kaji biyu daga ƙauye. Gidanta an shimfiɗe shi da tayil tun daga bakin ƙofa, ba ta son ƙazanta, sai ta sa aka kawo su gidana. Ta ce, "Ga amana nan." Wani abokinsa na masallaci ya kawo ɗaya. Kuma don kada in ɗora wa danginsa laifi su kaɗai, ƙanwata da ke Darmanawa ita ma ta aiko da tata, wai ta ga ana yi. Kowa ya ajiye ya tafi gidansa mai tsabta. Babu wanda ya taɓa aiko da ko kwanon dusa.

Kafin damina ta zagayo na daina ƙirga su. Akurkin ya yi musu kaɗan, suka mamaye tsakar gida. Suka tsige zogalen tas, suka tone saiwar lemon har ya bushe. Idan na shanya kuɓewa ko barkono sai na zauna gadi. Idan na bar ƙofar kicin a buɗe sai in tarar da kaza a kan murfin tukunya. Sau biyu a rana nake share kashi, in wanke siminti da omo, kafin ya bushe sun sake ɓata shi. In aka yi ruwa warin har falo, baƙuwa ta zo sai in ga tana ɗan jan mayafi zuwa hanci, ni kuma ina ta kunna turaren wuta kamar mai ɓoye wani abin kunya.

Shi kuwa Malam aikinsa mai daɗin ne. Bayan la'asar ya jawo kujerar roba, ya zauna da kwanon tsaki a cinya yana watsa musu yana kallonsu. Ya san wadda ta haifi wacce, ya san zakaran da ya fi zalunci. 'Yan layinmu suka fara kiransa Malam mai kaji, yana jin daɗi. Babu wanda ya taɓa tambayar wa ke riƙe da tsintsiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai a wannan shekarar shi ne ƙaramar Sallah. Ana gobe Sallah na ce a kama zakaru uku a yanka. Ya ce wannan jikan kazar Yaya ne, wancan bai tabbatar ko na waye ba, amana kuma ba a taɓa ta. Na ce to a yanka nasa. Ya sa hula ya fita. Can sai ga shi da kaji figaggu a leda daga kasuwar Tarauni. Ina tsaye, kaji sun fi arba'in suna bi ta tsakanin ƙafafuna, mutumin nan ya miƙo mini kazar kasuwa. Na karɓa na dafa, amma ban ci ba.

Duk wannan ɓacin rai ne irin na zaman gida. Abin da ya sa nake rubuta wannan shi ne autarmu. Lokacin shekararta goma sha huɗu, ita kaɗai ta rage a gabanmu, yayyenta sun yi aure ko suna makaranta. Tana da asma tun tana ƙarama, amma ta lafa, har mukan yi wata shida ba a nemi abin shaƙarta ba. Tagar ɗakinta kuwa kai tsaye akurkin take kallo. Ta fara tari. Daga tari sai numfashinta ya riƙa fita da wani ɗan fito. Na ce wa Malam kajin nan ne. Ya ce sanyin damina ne. Da damina ta wuce ya ce ƙurar allin makaranta ce. Na mayar da ita ɗakina, abin ya ɗan ragu, sai ya ce, "Kin gani ko? Dama wucewa zai yi."

Wata Asabar na gaji, na ce masa daga yau ba zan ƙara share akurki ba, mai kaji ya share kayansa. Na yafa mayafi na shiga barkar haihuwa a maƙwabta. Ban san cewa bayan fitata ya kira Auta ya ba ta tsintsiya ba, shi kuma ya tafi sayen dusa. Yarinyar ba ta iya yi wa ubanta musu. Ta shiga cikin busasshen kashi da gashin kaji ta yi ta shara.

Da na dawo wajen azahar na same ta durƙushe a bakin famfo, hannu ɗaya a ƙirji, kafaɗunta suna ɗagawa suna sauka. Ta ɗago ta kalle ni, ta so ta ce Umma, kalmar ba ta fito ba. Leɓɓanta sun yi duhu. Na ɗauko abin shaƙar na fesa mata, na sake fesawa, bai yi komai ba. Ban san yadda na cicciɓe ta zuwa bakin titi ba, yarinyar da ta kusa kai ni tsawo. Wani mai adaidaita ya sauke fasinjojinsa ya ɗauke mu. Duk hanyar ina riƙe da kanta ina salati, ina jin yadda take neman iska ba ta samu.

A asibiti aka sa mata iska da magani ta hanci. Sai da aka ɗauki lokaci kafin ƙirjinta ya sassauta. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta tambaye ni me yarinyar take yi lokacin da abin ya taso. Na gaya mata. Ta ce, "Kuna kiwon kaji a cikin gida? Kamar nawa?"

Na ce, "Sun haura hamsin."

Ta ajiye bironta ta kalle ni. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai, "Hajiya, kin san tana da asma." Na sani. Ni na haife ta. Na tsaya a gaban matar nan ina jin kunyar laifin da na yi wata da watanni ina faɗa ana mayar da ni mai ƙorafi, kuma ina jin haushin kaina da na fita na bar ta.

Malam ya iso a rikice, da garin dusa a bakin wandonsa. Ya tsaya a gefen gado yana ta "Sannu, Auta, sannu." Kwana biyu muka yi. Da aka sallame mu ban kawo ta gida ba, Darmanawa na wuce da ita wajen ƙanwata. Na dawo na ce masa yarinyar ba za ta taka gidan nan ba sai kajin sun fita.

Ya ce, "Za a yi. Amma ki bari in yi magana da masu su tukuna."

Sati guda ya wuce bai yi magana da kowa ba. Na ma ji shi a waya yana tambayar kafinta ko za a iya matsar da akurkin nesa da taga. 'Yarsa tana kwana a gidan wasu, shi yana lissafin inda zai matsar da akurki a filin da bai fi tabarma huɗu ba.

Ranar Juma'a Malam yakan fita masallaci da wuri, daga can ya zaga gaisuwa sai la'asar. Tun Alhamis na je kasuwar Tarauni na yi magana da wani mai sayar da kaji, ya yarda zai zo da yaransa da kwandunansa a motar a-kori-kura. Malam na fita suka iso. Muka rufe ƙofa muka bi su ɗaya bayan ɗaya, gashi yana tashi, ni da na ɗaure hanci da ɗankwali ma sai da na yi ta atishawa. Sittin da uku muka ƙirga. Mutumin ya ce in sayar masa gaba ɗaya in huta. Na ce ba nawa ba ne, tunda an ce amana ce, masu amana zan kai wa.

Na raba su gwargwadon yadda na sha jin Malam yana lissafa zuriyarsu. Muka fara da abokinsa, aka sauke masa bakwai a zaure. Ƙanwata ta karɓi nata shida, nan take ta sa aka wuce da su wajen yanka, don Auta tana gidan. Sai Daurawa.

Yaya tana zaune a baranda da carbi. Na durƙusa na gaishe ta yadda na saba. Ta ga ana shigo da kwanduna ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Amanarki ce, Yaya, na kawo miki."

Ta ce, "Biyu fa na kai."

Na ce, "Su ne suka zama goma sha tara."

Ta miƙe tsaye. "Ina zan sa su? Ke ba ki ga gidan ba ne? Shi ƙanen nawa ya san da wannan?"

Na ce, "Bai sani ba. Auta ta kwana biyu a asibiti saboda su, an gaya miki, kin aiko da sannu. Yaya, tsabtar da kike so a gidanki ni ma ina sonta a nawa."

Ta ce ban da kunya, ta ce ba ta taɓa zaton haka daga gare ni ba. Mai kwanduna yana jiran kayansa, don haka na ce ya buɗe. Kaji goma sha tara suka watsu a kan tayil ɗinta, suna zamewa suna kyarkyara. Na sake durƙusawa na ce a huta lafiya, na fito. Ban yi nadama ba.

Na Malam talatin da ɗaya na bar su a zaure, a kwandunan da mutumin ya ara mini, na zuba musu ruwa da tsaki. Da ya dawo Yaya ta riga ta kira shi. Ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba.

Ya ce, "Kin tozarta ni a gaban yayata."

Na ce, "Kai ka ba 'yarka tsintsiya ka tura ta akurki. Ni na ɗauke ta a bakin famfo ba numfashi, kana can kana auna dusa. Shekara biyu ina kwashe kashin kajin mutane ban tozarta ba, sai yau da aka kai wa Yaya nata?"

Ya zauna a kujerar robar nan ya daɗe yana kallon akurkin da babu komai a ciki. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "To ni me zan dinga yi in gari ya waye?"

Na ji maganar har cikin raina, don na san tun da ya bar aiki babu mai nemansa sai kajin. Amma tausayin bai kashe mini fushi ba. Na ce, "Ka fara da ɗauko 'yarka."

Wani tsohon abokin aikinsa yana da kango a Hotoro, can ya kwashe nasa washegari. Muka ɓalle akurkin, aka kankare ƙasar wurin aka fitar, na wanke gidan da ruwan zafi har bango. Bayan kwana huɗu shi da kansa ya yi wanka ya sa wankakkun kaya ya je Darmanawa ya taho da ita. Ina kicin na ji shi a tsakar gida yana ce mata, "Ki yafe wa Abbanki." Ta ce ba komai, har da 'yar dariyarta.

Yaya ta yi kusan shekara ba ta amsa gaisuwata da kyau. Ni kuwa Malam bai taɓa ba ni haƙuri ba, ban kuma nema ba. Har yanzu kullum da safe yana hawa adaidaita zuwa Hotoro. In ya dawo, a zaure yake tuɓe riga da takalmi, kuma shi yake wanke su da hannunsa. Wannan sharaɗina ne, bai taɓa karya shi ba.