Hannun Hagun Mai Bugu

Ni mutum ne mai mugun rubutun hannu, kuma abin bai taɓa damuna ba sai da na je Madina karatu, a wajejen ƙarshen shekarun tamanin. Malamin da ke duba risalata ta digiri na biyu ya ɗaga shafin farko, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce ko in kai a buga ko in nemi wani mai dubawar. An riga an ƙara mini wa'adi sau ɗaya, ba za a sake ba. In ban miƙa risalar kafin hutun hajji ba, za a cire sunana, iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta mutu, in kwashi matata da 'ya'yana mu koma Kano da hannu biyu.

Haka na faɗa hannun mai bugu. Bahaushen Cadi ne, dattijo siriri mai son tsokana, yana zaune a wani ƙaramin shago a Anbariyya, bayan masu sayar da tasbaha da dabino. Ya shekara da shekaru yana buga wa ɗalibai aiki da tafireta, sai mai shagon, wani Balarabe, ya sayo masa kwamfuta daga Jidda. Yawancinmu ba mu taɓa ganin irinta ba. Gilashinta baƙi ne, rubutun kore, kuma ko ba a taɓa ta ba tana wani gurnani ƙasa-ƙasa.

Tana da wata ɗabi'a. In ka kunna ta haka kawai, da boko take tashi, kuma duk Larabcin da ke cikin faifai sai ya fito wasu ƙugiyoyi da akwatuna da fuskoki ƙanana, abin da ba mai iya karantawa. Sai an danne wasu maɓallai da hannun hagu, a riƙe su, a miƙa dama bayanta a kunna, sannan ta tashi da Larabci. Mai bugu bai taɓa bari an ga waɗanne ba ne. Yakan yafa gefen rawaninsa a kan allon maɓallan, ya cusa hannu ƙarƙashi, ya yi bisimilla.

"Baba, wannan kuma wane irin rowa ne?" na tambaye shi wata rana.

"Ustaz, in na koya maka, gobe ka buɗe shago kusa da nawa," in ji shi. "Kuma jihaz ɗin nan ba a yi masa lalube. Akwai waɗanda in ka danne su tare ka kunna, khalas, ya share abin da ke faifai tas. Mutumin Jidda da ya sayar da shi ne ya gaya mini."

Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ko tsorata ni yake yi ba. Amma na yarda a lokacin, kuma haushinsa ya kama ni ƙwarai.

Babi-babi nake kai masa. Ya buga, ya adana a faifai, ya tara takarduna na hannu a kwali ƙarƙashin teburinsa, da niyyar in an gama duka a fitar a takarda gaba ɗaya. Na riga na kai masa babin ƙarshe, shi kaɗai ya rage ya buga, lokacin da abin ya faru.

Ranar da zafi ya yi zafi ce, wuta kuma tana ta ɗaukewa a layinsu. An ja ƙofofin shaguna don azahar, kowa ya tafi masallaci, daga can ya wuce gida ƙailula. Ba wanda ya lura nasa shagon bai sake buɗewa ba sai bayan isha'i da iyalinsa suka aiko nema. A kujerarsa aka same shi, kansa a kan teburi, rawaninsa a kan maɓallan, na'urar a kashe. Jikinsa ya riga ya sandare.

Da safe mu biyu muka taya mai wanka: ni da surukin mai bugu, yayan matarsa, wani Bahaushen Sudan mai aikin gonar dabino a Awali, mutum mai ƙarfi da ƙarancin magana. Ko'ina ya saki da ruwan ɗumi ban da hannun hagu. Ƙaramin yatsa ya kafe ƙasa, manuniya ta miƙe can gefe har fatar tsakani ta ja, na tsakiya biyu sun lanƙwashe ciki. Ni aka ba hannun in murza. Na daɗe riƙe da shi cikin nawa, ina lallaɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya, in na miƙar da wannan sai wancan ya koma. A ƙarshe mai wanka ya ce a bar shi haka, aka rufe da likkafani, muka kai shi maƙabartar Baƙi'a.

Sai da aka share makoki na je shagon ɗaukar kwalina. Babu shi. Surukin ya ce shi ya share wurin, ya ga takardu cike da ayoyi a ƙasan teburi inda ƙafa ke taɓawa, zuciyarsa ba ta ba shi ya bar su ba. Ya kai su gona ya ƙone, ya binne tokar a gindin dabino, yadda ake yi wa duk takardar da ke da sunan Allah.

Na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa babba ba. Ya tsaya yana kallona har na gaji, sannan ya ce, "Malam, da a taka su fa?" Ni ma da na tarar da su a shagon wani haka zan yi.

Aikin shekara uku ya koma faifai biyu, da na'urar da ba mai iya tashinta da Larabci. Mai shagon ya ce mutumin Jidda ya yi tafiya, sai bayan hajji. Ya ba surukin makulli ya ce mu gwada sa'armu.

Bayan azahar muka je, unguwar tsit, muka ja ƙofa rabi. Shagon yana ƙamshin turarensa har lokacin. Na kunna ta ba tare da na danne komai ba, na sa faifan. Risalata ta fito, ƙugiyoyi da ƙananan fuskoki layi-layi, suna kallona. Na kashe. Na zauna a kujerarsa ina duban maɓallai, na kasa taɓa ko ɗaya, don ban san wanne ne mai sharewar ba. Tsoro nake ji sosai.

Ban yi wani tunani ba, wannan nake so a gane. Hannuna na hagu yana kan cinyata, sai na ji yatsun suna jan kansu. Na duba. Ƙaramin ya kafe, manuniya ta miƙe gefe, na tsakiya sun shige ciki. Na ɗaga shi a haka na ɗora a gefen hagu na allon, ƙaramin yatsa ya sauka kan maɓallin kusurwar ƙasa, manuniya ta kai daidai kan wani a layin sama, ba ragi ba ƙari.

Surukin yana tsaye a bayana. Na ji numfashinsa ya canza.

"Malam," ya ce a hankali, "sauke hannun nan."

Ban sauke ba. Na miƙa dama bayanta na kunna. Ta yi gurnaninta, ta yi ƙara ɗaya siririya, sai koren rubutu ya fara fitowa daga dama. Bisimilla ce a sama, sunan risalata a ƙarƙashi. Har babin ƙarshe yana ciki, ashe mai bugu ya gama shi cif. Da na waiwaya in nuna wa surukin, ya fita, yana can tsakiyar rana a tsaye, ya juya wa shagon baya.

Na san bayanin da mai hankali zai yi. Wuta ta ɗauke, ta dawo, dattijo ya danne maɓallansa zai tashi na'ura, ajali ya riga shi. Ni kuma na riƙe hannun har tafina ya haddace shi. Na faɗa wa kaina haka sau da yawa, kuma da rana yana gamsar da ni.

Na miƙa risala a kan lokaci, na ci, na koma gida na koyar har na yi ritaya. Surukin bai sake ba ni hannu ba har na bar Madina, sai dai ya ɗora nasa a ƙirji daga nesa. Ban yi fushi ba. Matata ce ta fara gaya mini cewa in barci ya ɗauke ni, hannuna na hagu yakan yi wani irin tsayi a kan bargo, kuma tun da na tsufa ina tarar da shi haka ko a zaman tahiya. Na riga na gaya wa babban ɗana, in ranar ta zo, kada su jira mai wanka. Ya fara miƙar mini da yatsun hagu tun jikina da ɗumi.