Saƙon da Yaya Bai Tura Ba

Yayana shekara ashirin da tara ya yi a ɗakin ajiyar fayil na ƙaramar hukuma, ɗaki mai taga ɗaya da fankar da ƙararta ta fi iskarta. Kwafi Uku suke kiransa, don ko takardar magani ka miƙa masa sai ya yi mata kwafi kafin ya karanta. Ni kam na sha gaya masa tsantsenin nan nasa ya yi yawa. Bai tara komai ba sai suna: ba a taɓa kama shi da laifi a kan takarda ba.

Sai aka zo da sabuwar doka: duk saƙon aiki da ya shigo wayar ma'aikaci, rubutu ne ko murya, ya tura shi imel ɗin ofis cikin kwana uku, in ba haka ba hukuma ba ta san da shi ba. Yaya da hannunsa ya manna sanarwar a allo.

Wata Talata ciyaman ya turo masa saƙon murya, ya ce ya buga hatimi a takardar izinin gini ta wani abokinsa, sa hannun injiniya zai biyo baya. Filin kuwa a kan magudanar ruwa yake. Yaya ya buga. Amma ya tura muryar maigida inda kowa zai iya nema ya saurara? Nauyi ya hana shi, wai kamar ƙararsa ya kai. Sai ya zauna ya rubuta maganar tiryan-tiryan a rajista, har da "ka gane ko" ɗin da mutumin ba ya rabuwa da shi.

Damina ta sauka, ruwa ya rasa hanya, ya rushe gida bakwai. Kwamitin bincike ya tambayi Yaya wa ya ba shi umarnin buga hatimin. Yaya ya buɗe wayarsa, babu saƙo babu alamarsa. Ashe irin wanda yake goge kansa ne bayan mako guda. Ya kawo rajista, suka ce ai wannan rubutunsa ne. Ciyaman ya ce shi bai tuna ba.

Da na ga laifin zai faɗa kan Yaya, na ce masa ya shirya ɗaukaka ƙara, na yi ta faɗa har muryata ta dushe. Ya ce, "Ƙanwata, dokar ba ta yi mini ƙarya ba. Ban tura ba." Wallahi ranar na fi jin haushinsa a kan ciyaman, na koma gida na sha kukana.

Rahoto ya fito da sunansa shi kaɗai, aka sallame shi saura wata goma sha ɗaya ya yi ritaya. Ranar da ya je kwashe kayansa, sakatare ya tsare shi a ƙofa yana sosa ƙeya. Wai babu wanda ya gane tsarin lambobin ɗakin, ko zai taimaka ya shigar da rahoton kafin ya wuce?

Ya karɓa. Ya huda shi, ya zura zare, ya ba shi lamba, ya sa shi a layin takardun da doka ta ce ba a ƙona su har abada.