Safar Yaya ta Ingila

Shekarar da soja suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka koma bariki, gidanmu na Ƙofar Sauri ya samu kansila. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, malamin firamare da ya yi shekaru yana taka sayyadarsa zuwa makaranta da silifas. Aka wayi gari ana ce masa Onarabul. Har Inna, mahaifiyarmu, da ba ta taɓa kama sunansa ba saboda ɗan fari ne, ta samu abin kiransa.

Ni a lokacin ina ɗakin Inna da 'ya'yana mata biyu, shekara biyu da rasuwar mijina. Sana'ata saƙa ce: hular jarirai, safar jarirai, 'yar rigar sanyi. Tsinkayen saƙata wayar tayar keke ce, mai facin bakin titi ya yanka mini ya goge bakinsu a dutse. Ulu kuwa ba na sayen sabo. Rigunan sanyi na gwanjo nake sa a zaɓo mini a Babbar Kasuwa, in warware su, in wanke zaren, in naɗe shi a ƙafar kujera har ya miƙe.

Mulkin farar hula ya zo wa Yaya da babbar riga, da hula mai tsayi, da takalmi sau-ciki, kuma duk sun karɓe shi. Ƙafarsa ce kaɗai ta ƙi shiga gwamnati. Allah ya yi wa Yaya kaushi, irin wanda idan ya taka tabarma daga tsakar gida ake jin ƙararsa, ga faso a dunduniya da ƙwayar gero za ta shige ta ɓace. Da yana malanta babu wanda ya damu, don duk malaman makarantar haka ƙafafunsu suke. Amma siyasa a falo ake yinta, kuma falon manya ba a shiga da takalmi. Matarsa ce ta ba mu labarin cewa a makon farko, a gidan wani jigon jam'iyya, dunduniyarsa ta kama zaren kafet, ya ja shi tun daga gaban mai gida har bakin ƙofa. Daga nan ya koma sayen safar kasuwa. Kwana biyu take yi masa, a na uku dunduniya ta leƙo tana gaida jama'a.

Wata ranar Asabar da hantsi ya shigo, ya gaida Inna, ya tambayi jikinta, ya tambayi yara, ya tambayi tunkiyar da tuni aka sayar, sannan ya juyo wajena ya rage murya.

"Auta, kina iya saƙa ta manya?"

"Ta manya wace iri, Yaya?"

"Sahwa mana. Wadda ƙahwa ba ta ci."

Na shimfiɗa tsohuwar jarida ya ɗora ƙafa, na zagaye ta da biro. Ya kau da kai yana kallon rufin ɗaki kamar wanda ake yi wa allura.

Ban taɓa saƙa wa babba safa ba. Ta jarirai ba ta da wani sirri, jaka ce mai igiya, don jariri ba ya zuwa ko'ina. Ta farkon da na yi wa Yaya ita ma jaka ta zama, mai kauri, ta ƙi shiga takalmi, da ta shiga kuma ya yini yana zufa. Sai na zauna na yi tunani. Na raba zaren gida biyu don ya yi siriri. Na koma aiki da tsinke huɗu ina zagayawa, yadda ba za a ga ɗinki ko ɗaya ba. Na saki bakinta kaɗan, tunda mutumin da zai tuɓe safa sau biyar a yini don alwala ba ya son wadda zai yi kokawa da ita a gaban mutane. Kwanar dunduniya ita ta ba ni wuya. Sau huɗu ina warwarewa, har Inna ta ce in bar wahalar da kaina in saya masa dutsen goge kaushi. A karo na biyar ta zauna. Na yi ta ninki biyu, na haɗa ulun ciki da zaren da dukawa ke ɗinka takalmi da shi, na waje kuma na bar shi lallausa. Shuɗiya ce mai duhu, da siririn layi fari guda biyu a wuya.

Ba zan yi kawaici ba, safar nan ta yi kyau. Har yau ban ga wadda ta fi ta ba, kuma na duba.

Ta yi wata guda a ƙafar Yaya ba ta ko yi gezau ba. Na ƙara masa ƙafa uku: baƙa, ruwan toka, da wata ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigo. Mutumin da a da yake naɗe ƙafa ya ɓoye ta ƙarƙashin riga, yanzu ya koyi miƙe ta a tsakiyar falo yana kaɗa yatsu. Abokan aikinsa, waɗanda yawancinsu ciwonsu ɗaya da shi, suka fara tambaya. Wata rana ya shigo yana dariya tun daga zaure.

"Kin san mi na ce masu? Na ce wani abokina ne ya aiko mani daga Ingila."

"Wane abokin ke gare ka a Ingila, Yaya?"

"Yo ina ruwanki? Ulun nan ba daga can ya hito ba? Ai ban yi ƙarya ba sosai."

Na taya shi dariya, Allah ya gani. Har da ya kawo shawarar in ɓalle 'yar takardar da ke wuyan rigunan gwanjon in ɗinka a cikin bakin safar, ni na zaɓi mai rubutun da ya fi kyau, na ɗinka ta da hannuna. A lokacin na ɗauka wasa ne tsakanin wa da ƙanwa. Ban lura cewa abokin nan yana ƙara girma ba. Kafin damina ta wuce ya zama likita, ya yi aure, ya samu 'ya'ya uku, yana gaida Yaya a waya duk Juma'a.

Ana cikin haka aka ce za a buɗe cibiyar koya wa mata sana'a, ana neman malamar saƙa. Ina son aikin nan. Ina son sa fiye da yadda na taɓa son wani abu tun da na fita takaba. Na gaji da zama a ɗakin uwata ina jiran wata ta haihu kafin a tuna da ni. Ina son in tashi da safe in rataya jaka, 'ya'yana su ga uwarsu ta tafi aiki, a rubuta sunana a takarda ba a matsayin matar marigayi ba. Kuma Yaya yana cikin kwamitin ɗaukar ma'aikata. Da na gaya masa ya ce, "Wannan ai kamar an yi an gama." A bakin 'yan siyasa na fara jin wannan magana, ban san cewa ita suke faɗa wa kowa ba.

Ginin cibiyar bai samu rufi ba tukuna, don haka a gidan shugabar kwamitin aka yi ganawar, wata Hajiya matar babban mutum, can bayan gari wajen sababbin gidaje. Mu shida muka je. Ɗaya daga cikinmu ƙanwar wata ƙawar Hajiyar ce, ta zo da farce zaƙo-zaƙo da jan lalle, ta zauna kusa da ni ta ga tsinkayena ta tambaye ni ko na tsire ne.

Da aka kira ni na tuɓe takalmi na shiga. Hajiya na kan doguwar kujera, maza uku a gefe, na tsakiyarsu Yaya. Ya miƙe ƙafa a kan kafet, sanye da shuɗiyar nan mai farin layi biyu. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, shi ma na ce masa ranka ya daɗe, ya amsa mini kamar yau ya fara ganina. Ban ji haushi ba, na ce ƙa'idar aiki ce.

Na kwance ɗaurina na baje kayan: huluna, rigunan yara, da safar manya ƙafa biyu da na saƙa musamman don ranar. Hajiya ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu ta juya ta.

"To, ba laihi. Amma kin san mu so muke a ci gaba. Aikin hannu irin na cikin gari kowa ya iya. Ba mu son a ce gwamnati ta buɗe wuri ana koyar da abin da kakanninmu ke yi." Ta waiga ta nuna ƙafar Yaya da baki. "Dubi ta Onarabul. Wannan ita ce sahwa. Daga Ingila aka kawo mashi. Ke za ki iya irin wagga?"

Safar da ke hannunta da wadda ke ƙafarsa zare ɗaya ne, daga riga ɗaya na warware su. Bambancinsu 'yar takarda ce.

Na dubi Yaya. Kalma ɗaya ta ishe ni. Ko da ba zai ce ni na saƙa ba, ya ce ƙanwarsa ce kuma ya san aikinta. Sai na ga ya janye ƙafar a hankali ya tura ta ƙarƙashin riga, ya ɗauki takardar da ke gabansa ya shiga karatu da himma.

Ina da abin faɗa. Zan iya cewa a juya bakin safar a ga ɗinkin takardar, zaren ma ba kalarsu ɗaya ba. Zan iya cewa a taɓa dunduniyar a ji ninki biyu ce, a tambayi Turawa yadda aka yi suka san ƙafar Onarabul tana cin kaya. Maganar ta zo mini har bakin haƙora. Amma mutanen nan biyu da ke gefensa da sun kai labarin kowane falo a garin nan kafin la'asar, kuma da shi za a riƙa kiransa har ya mutu. Wana ne. Shi ya ɗauki makarar mijina a gaba.

Na ce, "A'a, Hajiya. Wannan aikin Turawa ne, ba zan iya ba."

"Kin gani," in ji ta, ta ajiye safata a hannun kujera. "Na ji daɗi da kika hwaɗi gaskiya."

Mai farcen ce ta samu aikin. An ce da aka buɗe cibiyar an kawo injinan saƙa guda biyu an ɗauki hoto da su, daga nan aka rufe su da zani.

Kwana uku Yaya bai shigo gida ba. A na huɗu ya zo bayan azahar, ya tarar da ni a tsakar gida ina tsince shinkafa. Ya gaida Inna ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, fuskarsa a sake.

"Auta, kin kyauta rannan. Wallahi kin hidda ni kunya."

"Yaya, kalma ɗaya hwa nike jira daga bakinka."

"Ai na san ba za ki hwaɗa ba. Shi ya sa ko gabana bai hwaɗi ba."

Yabo yake yi mini. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, har cikin zuciyarsa yabona yake yi. Bai tsaya nan ba, ya zaro takarda a aljihu ya warware, sai ga zanen ƙafa da biro, babba, ba tasa ba.

"Ta maigidan Hajiya ce. Ƙahwa biyu take so, baƙa da shuɗiya. Na ce mata abokin nawa zai aiko da saƙo ƙarshen wata. Wata guda ya ishe ki ko?"

Na ci gaba da tsintar shinkafata. Inna tana bakin ƙofar ɗaki tana jinmu.

"Ka ce mata abokin naka ya rasu."

"Subhanallahi. Wace irin magana ce wagga?"

"Ya rasu, Yaya. Ran Talata, a falon Hajiya. Kana wurin."

Ya ninke takardarsa, ya yi wa Inna sallama ya fita. Na ɗauka zai je ya yi tunani ya dawo, ko ya ba ni haƙuri ko ya yi mini faɗa, kowanne ya yi zan karɓa.

Bayan mako biyu matarsa ta zo kitso gidanmu, take ba Inna labari cewa Onarabul ya yi rashi, abokinsa likitan nan na Ingila, ciwon zuciya, farat ɗaya. Ita ma ba ta san komai ba, baiwar Allah, har da 'yar ƙwallarta. Ta ce Hajiya da maigidanta da kansiloli sun zo har gida, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida an yi addu'a, an roƙa wa mamaci gafara, an roƙa wa marayunsa uku albarka. Na tambaye ta yadda Yaya ya yi. Ta ce ya yi ƙoƙari ƙwarai, ya daure, duk wanda ya ce Allah ya jiƙansa sai ya sunkuyar da kai ya ce amin.