Faya-fayan Yaya Bukar da Baƙon da Ya Zo Nemansu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Bukar, Allah Ya jiƙansa. Da ba na niyyar rubuta komai a kansa bana, sai dai wani baƙo ya zo gidansa, kuma har yau zuciyata ba ta kwanta da zuwan nan ba.

Yaya Bukar falken banda ne. Yakan sayi busasshen kifi a wajen masuntan Kirikasamma ya kai Kudu, ya dawo Haɗeja da abin da ba wanda ya aike shi: tsofaffin faya-fayan garmaho na mawaƙan ƙauyukan Amurka, manoma da makiyaya masu jita da wani abu mai kama da goge. Turancinsa na ciniki ne kawai, amma ya tara su cikin akwatin ƙarfe yana goge su da tsumma mai laushi. Akwai guda da ya fi ƙauna, duk ya karce, inda mawaƙin yake karya murya kamar Bafillace na kiran shanu a fadama. Shekarar da ambaliya ta cinye masa shinkafa, shi ya yi ta sawa bayan la'asar. Ya ce mini, "Modu, wannan mutumin ya taɓa rasa gona. Ba sai an fassara mini ba."

Mutum ne mai wuyar yarda. Ba ya ba da aron faifai, ba ya barin kowa ya ɗora allura sai shi. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, da waƙoƙin nan suke cikin waya tas, babu ƙarar karce. Ina jin cewa zai yi an wanke su har an wanke mutanen ciki. Me kuma zai ce da ya ji akwai masu bin gari gari suna farautar irin faya-fayansa, suna tura hotunansu ƙasashen waje?

Bayan girbin bara wani dattijo ya yi sallama, ya ce sunansa Alhaji Tijjani, daga Kano. Ya ce tare suka yi fatauci da marigayi. Ya san laƙabin da direbobi ke kiransa da shi, ya san ba ya cin kifin da yake sayarwa. Yaya Falmata, matar marigayin, ta aika aka kira ni, muka zauna a zaure tana bayan ƙofa. Bayan doguwar addu'a sai ya ce Bukar ya yi masa alkawarin faifai uku tun yana raye.

Na fito da akwatin. Abin da na lura shi ne hannunsa ya san aikin fiye da kima. Yana ɗaga faifai sai ya karkata shi wajen haske, ya duba tambarin tsakiya, ya ajiye. Bai ce a sa ko ɗaya ya ji ba, ga garmaho kuwa a gabansa. Ya ware uku masu sheƙi, waɗanda ban taɓa jin Yaya ya sa su sau biyu ba. Karcaccen nan ya wuce shi ko kallo. Na ce a raina, wannan ɗan kasuwa ne ya yi tambaya a tasha ya haddace.

Na ce, "Alhaji, shekara goma ba ka zo gaisuwa ba?"

Ya ce ciwo ne ya kwantar da shi, kuma labarin bai same shi da wuri ba. Yana faɗa yana mayar da faya-fayan cikin kwalayensu, sai na ji yana wani ɗan fito ƙasa-ƙasa, kamar bai san yana yi ba. Waƙar karcaccen faifan ce, har da wurin da Yaya yake kuskure in yana fitonta, ya hau sama kafin lokaci. Wannan ba a haddace shi a tasha. Amma kuma wanda ya zauna da mutum a bayan mota yana iya sanin fitonsa, ya kuma san darajar kayansa. Aboki ne da ya zama dillali, ko dillali ne da ya taɓa zama aboki? Ban sani ba.

Yaya Falmata ce ta raba gardamar. Daga bayan ƙofa ta ce, "Alhaji, mai alkawarin ba ya nan balle a tambaye shi. Faifai ba zai fita gidan nan ba. Amma duk ranar da ka yi kewar abokinka, ka zo, Modu zai sa maka wanda kake so, abincinka kuma yana kaina."

Ya yi godiya sosai, ya ce lalle zai dawo.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Bukar, bandar ta ƙare da shi, gonar 'ya'yansa sun raba, garmahon ma allurarsa ta kusa ƙarewa. Abin da ya tsaya shi ne akwatin nan, da matar da ta san yadda ake gwada mutum ba tare da an ci masa fuska ba. Ni dai ina so a ce zargina ƙarya ne, don zan so in zauna da wanda ya san fiton yayana. Na sayi sabuwar tabarma saboda shi. An sake shuka, an sake girbi, tana nan a naɗe.