Bayanin da Yaya Sabi'u Bai Ƙarasa Ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Sabi'u, amma har yau in na zauna gaban kwamfutarsa sai in riƙa waiwaye, kamar zai leƙo ya ce ba haka ake yi ba.

Mahaifinmu malami ne a Gwaram. Duk littafin da ya karantar, gefen shafukansa cike yake da ƙananan rubutu, yana warware wa ɗalibi inda zai yi tuntuɓe. Sabi'u bai gaji zaure ba, boko ya bi, amma wannan ɗabi'ar ya kwashe ta tas. Shi ya rubuta mana manhajar da ke tura sakamakon jarrabawar Islamiyyunmu na Surko da Kangire da Maruta, duk a lokaci guda. Baƙin allo ne kawai, ka rubuta umarni ka jira.

Babu abin da ke ɓata masa rai irin manhaja ta tsaya ta ce an samu matsala, ta yi gum. "Wace matsala? A wane aikin? Mutum ya yi yaya?" Haka zai yi ta faɗa. "Ka taɓa ganin Baba ya ce wa ɗalibi ya yi kuskure, ya tashi ya bar shi?" Watanninsa na ƙarshe, yana jinya a Birnin Kudu, a kan gyaran irin waɗannan saƙonni a manhajarsa ya ƙarar da su. Ni kuwa ina ta mita wai ɓata ƙarfi yake yi. Mitar nan tana cina har yanzu.

Da zai ga manhajojin yau, masu kwalliya, da in sun tsaya sai su bar ka da wata lamba, na san da mun sha faɗa.

Watan jiya sakamakon Maruta ya maƙale, ga iyaye sun matsa, yara ba su san ko sun wuce aji ba. Na dubi allo ina jiran irin maganarsa mai kwantar da hankali. Sai na ga: "Ban rubuta bayanin wannan ba tukuna. Zan dawo kansa, in sha Allahu."

Kwana uku na kasa zaune na kasa tsaye. Na bi bayanan da ya bari shafi-shafi, har na gano yara biyu ne 'yan gida ɗaya, duka sunan kakansu aka sa musu, manhajar ta ɗauka mutum ɗaya aka shigar sau biyu. Na bambanta su, sakamako ya tafi.

Na rubuta bayanin da ya rage, amma ban goge layinsa ba. A ƙarƙashinsa na sa nawa, yadda muka ga ana yi a littattafan Baba. Allah Ya jiƙan Yaya Sabi'u.