Mahadi Samkari da Taragon da Aka Haife Shi a Ciki

Haihuwarsa

An haifi Malam Mahadi ɗan Wada a shekarar 1956 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1375 Hijiriyya, ba a cikin wani gari ba, a cikin taragon jirgin ƙasa ne yana tafe tsakanin Ubayyid da Kosti a ƙasar Sudan. Mahaifinsa Wada mutumin Ɓaɓura ne, mahaifiyarsa Mairama kuwa 'yar Kazaure, suna cikin ayarin maniyyatan da suka biyo ta ƙasa. Wada ya rasu a Jidda bai ga Ka'aba ba. Mairama ta sauke farali da goyo a bayanta, ta zauna a Makka ba takarda, tana sayar da hatsin tattabaru a hanyar Harami.

Mahadi shi ne ɗanta na fari, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari yadda aka riƙe ta a gidansu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Wancan, haka take cewa. Zancen haihuwarsa kuwa, ko da wasa ba ta yi a gabansa.

Karatu da koyon sana'a

Ya yi karatun allo a unguwar Tandabawi, ya sauke a 1968. Makarantar gwamnati ba ta yiwu ba saboda rashin iƙama, wato takardar izinin zama, don haka aka kai shi warsha, shagon aikin wani samkari, wato maƙerin kwano da gwangwani, mai suna Abdulmuhaimin, Bahaushen da aka haifa a Makka. A hannunsa ya koyi yanka, lanƙwasa da liƙi da dalma.

A warshar nan ne abokan aiki suke zolayarsa. Kowa yana da garin da yake ambato, wannan Sakkwato, wancan Maraɗi, shi kuwa sai su ce ya faɗi nasa in yana da shi. Sai ya ci gaba da liƙinsa. Amma tun daga lokacin ya ƙudurta a ransa cewa tun da ba shi da halin fita daga ƙasar ya dawo, kuma tarago shi ne garinsu, to zai ƙera shi da hannunsa, ƙarami, daidai da na ainihi, har sai wadda ta haife shi a ciki ta gani ta shaida.

Aure da zuriya

A 1981 ya auri Rumasa'u 'yar Hafizu, suka tare a unguwar Nakkasa, can saman dutse inda mota ba ta hawa, tare da mahaifiyarsa. Allah ya ba su 'ya'ya biyar, ɗaya ya koma tun yana jariri. Da sana'ar samkari ya ciyar da su, yana gyaran tankunan ruwa da tukwanen masu abinci.

Taragan Madina

Bai taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsa ba sai a 1984, da ya je ziyara Madina ya tarar da ragowar taragan layin Hijaz, wanda Turkawa suka kawo daga Sham a 1908, suna zaune a tsohuwar tasha. Ya auna ɗaya da igiya, daga ƙafa har rufi, ya dawo ya rage kowane awo zuwa kashi ɗaya cikin talatin. Da gwangwanin man girki da katakon akwatin lemo ya yi shi, ƙafafunsa suna juyawa, ƙofarsa tana zamewa.

Ya ajiye shi a bakin tabarmar mahaifiyarsa. Ta dube shi, ta ture shi gefe da bayan hannu, ta ci gaba da tsince hatsinta. Ya fahimta ba irinsa ba ne. Sai daga baya ya san cewa layin Hijaz daban, na Sudan daban, ba su taɓa haɗuwa ba.

Shekarun bincike

Daga nan duk Basudanen da ya zo aikin Hajji ko Umura, in Mahadi ya ji ya san jirgi, sai ya neme shi. A 1997 ya gamu da Idris, tsohon ma'aikacin reluwe daga Atbara, wanda ya zayyana masa taragan zamanin: rufaffu na ƙaro da gyaɗa, buɗaɗɗu na gawayi, masu tanki na ruwa. Shekara ta zagayo Idris ya aiko masa da hotuna ta hannun wani alhaji. Mahadi ya yi hasashen cewa ba za a zuba mutane a buɗaɗɗe ba, saboda haka ya duƙufa a kan rufaffu. Ya yi na katako, ya yi na ƙarfe, ya yi mai ƙafa huɗu da mai takwas, har da lambobin jikinsu. Kowanne ya bi hanyar na farko, bakin tabarma, sannan bayan hannu.

Rumasa'u ta sha ce masa, ya shaihu, kai da kake da baki, ka tambaye ta mana. Amsarsa ɗaya ce, ba a yi. Ita ma da ta gwada, tsohuwa ta ce ba ta hirar haihuwa da suruka.

Tashin Nakkasa da tarago na ƙarshe

A 2017 rusau ya kai ga layinsu. Suka sauko da kaya a ka zuwa wani gidan haya a Zahir, Mahadi ya bar gadonsa da kabad amma bai bar tarago ko ɗaya ba. A lokacin idanun Mairama sun tafi, shi kuma hannunsa ya soma rawa da ciwon sukari. Ya san in bai gama yanzu ba, ko ita ta tafi ko hannun ya ƙi.

Hanyar da ta rage ita ce 'yarsa Manar, matar aure mai 'ya'ya biyu, wadda ke wasan jika da kakarta tun tana ƙarama. Wata ranar Juma'a Manar ta ɗauki tarago ɗaya ta ɗora wa tsohuwa a cinya ta ce, ya sitti, kakata, wallahi ke ba ki taɓa shiga jirgi ba, a jaki kika zo, shi ya sa kika kasa gane ko ɗaya.

Mairama ta ce, ke tafi can, 'yar ƙwal uba, me kika sani? Ta laluba taragon ta ko'ina, ta tura yatsa ta ƙofa. Ina cikinsa? Ni bayansa na zauna? Wa ya tsaya kallon fenti ana turereniya?

Nan kuskuren ya fito. Hoto bayan tarago yake nunawa, shi ma bayan ya yi ta ƙerawa, ya liƙe rufi ya bar ciki fayau. Manar ta ci gaba da tsokana, tsohuwa ta ci gaba da huce haushi: bangon ba a rufe yake ba, sanduna ne jere, iska da rana suna shiga, ƙasa da ragowar ciyawa da kashin shanu, akwai zobban ƙarfe a jikin bango, a ɗaya mata suka ɗaura zane suka yi mata labule, a ɗaya ta ɗaura ɗankwalinta ta ja da naƙuda ta tsananta. Mahadi yana bayan ƙofa yana ji. Taragon shanu ne, irin da Idris ya ambata sau ɗaya ya wuce, shi kuma bai taɓa kawo shi a ransa ba.

Ya yi kusan shekara biyu a kansa, domin hannun ba ya ba shi sai da safe. Ya yi rufin mai cirewa. Ya sa zobban da wayar tagulla, ya ƙulla ƙyalle a biyu daga ciki. A 2019 Manar ta miƙa mata. Mairama ta cire rufin, ta bi sandunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan zobe mai ƙyalle. Sannan ta ce, ki gaya wa ubanki halas, ya isa haka, ya daina ɓata gwangwani. Ta tura taragon ƙarƙashin matashinta. Bai sake ƙera wani ba.

Rasuwarsa

Malam Mahadi ya rasu a watan Rabi'ul Awwal 1444, daidai da Oktoban 2022, bayan jinyar ƙoda. An yi masa salla a Harami bayan La'asar, aka binne shi a maƙabartar Shara'i. Ya bar mahaifiyarsa Mairama, da matarsa Rumasa'u, da 'ya'ya huɗu: Sa'ud, Manar, Nasrullahi da Mujahida, da jikoki tara.

Da aka zo rabon gado, Sa'ud ya jera taragan a tsakar ɗaki, ya aika a karɓo na wurin kakarsu don a haɗa. Ta ce a raba waɗancan, wannan ba ya cikin gado, ɗakinta ne. Yana wurinta har yau. Allah ya jiƙan Malam Mahadi, ya sa Aljanna ce masaukinsa.